Garkuwar da Tunkiya Ta Gada



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu masu sarauta, malamai da ɗalibai, likitocin dabbobi, wakilan makiyaya da dillalan kara, da iyayenmu mata da ke riƙe da kiwon cikin gida, barkanmu da warhaka. Godiya ta musamman ga waɗanda suka shirya wannan taro, suka kuma ga dacewar a ba tunkiya fili, dabbar da ba a cika tunawa da ita ba sai suna ko layya sun taso. Batun yau shi ne ƙwayoyin gadon da ke gina garkuwar jikin tumaki: me ya sa suka sha bamban daga tunkiya zuwa tunkiya da kuma daga iri zuwa iri, kuma mene ne ruwan mai kiwo da wannan bambanci.

Bari a fara daga garke. Watan Agusta ne, damina ta yi tsakiya, ciyawa ta yi shar. Mutum yana da tumaki ashirin, makiyayarsu ɗaya, tafkinsu ɗaya, makwancinsu ɗaya. Wata safiya ya buɗe garke ya tarar da uku sun ƙi tashi da sauri. Haɓarsu ta kumbura kamar an ɗura ruwa a jaka, ya ja fatar ido ta ƙasa ya ga fari fat maimakon ja. Sauran goma sha bakwai kuwa sun yi waje suna tsalle. Abin da ukun nan suka ci shi sauran suka ci. To me ya raba su? Mai garke zai ce ƙaddara, kuma gaskiyarsa. Sai dai ƙaddarar nan tana da sababi, kuma wani ɓangare na sababin yana cikin abin da kowace ta gada daga uwa da uba.

Batu na farko: abokin gaba, da dalilin da ya sa magani kaɗai ya daina isa.

Abin da ya kwantar da tumakin nan uku, a mafi yawan lokuta, wata tsutsa ce da masana ke kira Haemonchus contortus. Siririya ce kamar zare, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, tana zaune a ciki na huɗu na tunkiya tana tsotsar jini. Macen tana iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana guda. Ƙwan ya fita da kashi, ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, 'ya'yan su hau ganyen ciyawa su jira bakin da zai kai su gida. An ƙiyasta kowace tsutsa tana jawo asarar jini kusan mililita 0.05 a rana. Kaɗan ne a ido. Amma a ɗauki ɗan rago mai tsutsa 5,000: kullum yana asarar kwatar lita, wato rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa a tasha, alhali duk jinin jikinsa bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Kwana nawa zai yi?

Ai akwai magani, in ji wani. Akwai. A 1961 aka fito da thiabendazole, aka yi ta murna an gama da tsutsa. A 1964 aka ba da rahoton tsutsar da ta gagare shi a Amurka. Haka aka yi da levamisole, haka aka yi da ivermectin. A 2009 aka kawo sabon magani mai suna monepantel kasuwar Niyu Zilan, kafin 2013 ta fita an samu tsutsar da ba ta jin sa a ƙasar. Kowa a ɗakin nan ya san yadda ake sayar da ƙwayar albendazole a kasuwannin ƙauye, a kan tabarma, cikin rana, a ɓalla ɗaya a raba wa tumaki biyu. Wannan ba kashe tsutsa ba ne, horar da ita ne.

Shi ya sa masu bincike suka juyo kan tumaki goma sha bakwai ɗin nan da suka tashi lafiya. Me ke jikinsu?

Batu na biyu: faifan da jiki ke baje kolin baƙo a kai.

Gadon tunkiya yana ɗaure ne cikin dammuna 54, wato 27 daga uwa, 27 daga uba. Masana na ce da kowane dami kuromosom. A dami na 20 akwai wata unguwa ta ƙwayoyin gado da ake kira MHC a taƙaice, kuma a nan gizo ke saƙar.

Sojojin jiki, musamman fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, ba sa ganin cuta kai tsaye. Sai an kama baƙon, an yayyanka shi gutsure-gutsure, an ɗora gutsuren a wani ɗan faifai a bayan ƙwayar jiki, an ɗaga musu, kamar yadda mai talla ke sauke faifanta a gaban mai saye. Faifan nan shi ne abin da ƙwayoyin gadon MHC ke ƙerawa. Iri biyu ne. Na farko yana kan kusan kowace ƙwayar jiki, yana nuna abin da ke faruwa a cikin gida, don haka shi ke tona asirin birus da ya ɓuya a ciki. Na biyu yana hannun wasu 'yan sintiri na musamman masu haɗiye abin da suka tsinta a waje, irin su bakteriya da abin da tsutsa ke zubarwa.

Ga inda maganar take: faifan yana da gurbi, kamar gurbin tandar waina, kuma ba kowane gutsure ke zama a kowane gurbi ba. Wanda ya zauna, sojoji sun gan shi. Wanda ya ƙi zama, ya wuce ta gabansu ba su sani ba. Ƙwayar gado guda a wannan unguwa, mai suna DRB1, an riga an rubuta siga fiye da 100 nata a tumakin duniya, kuma kusan duk bambancin ya taru ne a daidai sashen da ke fasalta gurbin. Amma tunkiya guda siga biyu kawai za ta iya ɗauka, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. In an yi rashin sa'a uwa da uba suka ba ta iri ɗaya, to gurbi ɗaya ke gare ta a wannan wuri.

A nan ya kamata likitocin dabbobi su ɗan gyara zama. Mutanen da suka gano cewa sojojin T sai da wannan faifai suke gani su biyu ne, Rolf Zinkernagel ɗan Suwizalan da Peter Doherty ɗan Ostireliya. A birnin Kanbera suka yi aikin, a kan ɓeraye, suka wallafa a 1974, aka ba su kyautar Nobel a 1996. Doherty likitan dabbobi ne, kuma digirinsa na uku a Edinbara a kan wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki ya yi shi, wadda kaska ke yaɗawa. Duk ɗalibin da aka taɓa yi wa gorin karatun dabbobi, ga abin ramuwa nan.

Ɗan Adam ma faifansa siga-siga ne. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa suka nuna a Gambiya cewa wata siga ta wannan faifai, HLA-B53, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma amma ta yi ƙaranci a Turai, tana rage haɗarin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ga yara. Cutar wuri ita ke sassaƙa gadon mazauna wurin, mutum ne ko dabba.

Batu na uku: tsibirin da aka bar wa tumaki.

Za a daɗe kaɗan a nan, domin babu inda aka kalli wannan al'amari da idon basira kamar wurin.

A yammacin Sikotlan, can cikin tekun Atlantika, akwai wasu ƙananan tsibirai da ake kira St Kilda. Babbansu shi ne Hirta. A watan Agustan 1930 mutane 36 da suka rage a tsibirin suka tattara nasu-ya-nasu suka bar shi, rayuwa ta gagara. A 1932 aka kwaso tumaki 107 daga wani tsibiri na kusa mai suna Soay aka sake su a Hirta. Tumakin Soay ƙanana ne, akasari launin ƙasa, tsohon iri ne da ya yi dubban shekaru a ware. Tun daga ranar babu makiyayi, babu magani, babu kura, babu mahauci. Ciyawa ce, da sanyi, da tsutsar ciki.

Abin da ke faruwa shi ne su yi ta hayayyafa har su kai wajen 2,000, ciyawa ta gaza, hunturu mai tsanani ya zo, sai a yi mutuwar garke, wani lokaci fiye da rabi su tafi cikin 'yan makonni. Waɗanda suka rage su sake ginawa. Tun 1985 masu bincike daga jami'o'in Kambirij da Edinbara, cikinsu har da Tim Clutton-Brock da Josephine Pemberton, suke bin tumakin kwarin da tsohon ƙauyen yake ɗaya bayan ɗaya. Da bazara su bi kowane jariri su kama shi cikin kwanakin farko, su auna, su maƙala masa lamba a kunne, su ɗebi ɗan nama don gano ubansa ta DNA. A watan Agusta su kafa raga su kora tumakin ciki, a ɗora kowace a sikeli, a ɗebi jini, a ɗebi kashi a ƙirga ƙwan tsutsa. Bayan hunturu kuma su zaga tsoffin rumbunan dutse da mutanen da suka bari, inda tumaki ke fakewa, su tattara gawarwaki su karanta lambar kowace. Shekara arba'in ana wannan. Akwai tunkiyar da aka san kakannin kakanninta fiye da yadda yawancinmu muka san namu.

Me aka gani? A 1998 Steve Paterson da Ken Wilson da Pemberton suka nuna cewa 'yan tumaki masu wasu sigogin MHC sun fi yawan ƙwan tsutsa kuma sun fi mutuwa, masu wasu sigogin kuma akasin haka. A 1999 David Coltman da abokansa suka nuna cewa tumakin da iyayensu 'yan uwan juna ne na kusa sun fi ɗaukar tsutsa, sun fi faɗuwa a mugun hunturu. Abin da ya ƙarfafa hujjar shi ne, a cikin tumakin da aka ba maganin tsutsa don gwaji, wannan bambanci ya ɓace. Ashe tsutsar ce ke tsince 'ya'yan barbarar gida.

Sai tambayar da ta fi kowace daɗi. In har akwai siga mai kyau da maras kyau, kuma mutuwa tana tankaɗe garken nan kowace 'yan shekaru, me ya hana mai kyau ta cinye fili ita kaɗai? Ga shi kuwa, da Kara Dicks ta tantance a 2019, ta tarar da jeri takwas daban-daban na sashen MHC da DRB1 ke ciki suna yawo a tsibirin, a cikin dabbobin da duk daga 107 suka fito.

Masana na kawo dalilai uku, kuma ba sa kore juna. Na ɗaya, mai siga biyu mabambanta tana ganin gutsattsarin baƙi fiye da mai siga ɗaya. Na biyu, cuta ma tana da gado, tana kuma sauyawa: sigar da ta yawaita a garke ita cuta ke koyon zillewa, sai wadda ba ta da yawa ta zama mai daraja, har ita ma ta yawaita a koyi zille mata. Na uku, cutar bana ba ita ce ta baɗi ba, ta fadama ba ita ce ta tudu ba. Duk ukun wuri ɗaya suka nufa, wato abin da Bahaushe ya riga ya faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wani abu kuma ya fito daga Hirta a 2010, a aikin Andrea Graham. Tumakin da jininsu ya fi yawan makaman garkuwa sun fi tsallake mugun hunturu, amma sun fi ƙarancin haihuwa. Garkuwa ba kyauta ba ce. Da furotin ake ƙera ta, furotin ɗin da zai iya zama nama ko nono ko ɗan tayi. Shi ya sa tunkiya mai tsohon ciki ko sabuwar haihuwa take sakin jiki ga tsutsa, ƙwai ya yawaita a kashinta daidai lokacin da 'ya'ya za su fara kiwo. Harawar gyaɗa ko ta wake da aka ba ta a wannan lokaci ba gata ba ne kawai, gudummawa ce ga sojojinta.

Batu na huɗu: babu lakani guda.

Da jin wannan, ɗan kasuwa zai ce a nemo sigar da ta fi kowace, a gwada raguna, a sayar da masu ita. An gwada. A 1995 ƙungiyar Michael Stear ta jami'ar Gilasgo ta samu wata siga ta DRB1 a tumakin Scottish Blackface wadda masu ita ke da ƙarancin ƙwan tsutsa sosai. A 2005 aka duba a Ayalan, a iri biyu: an ga alaƙar DRB1 da ƙwan tsutsa a Suffolk, ba a gan ta a Texel ba, alhali Texel ɗin sun fi juriya. Wato alamar da ta yi aiki a wannan iri ba lallai ta yi a wancan ba, balle a ɗauko ta daga Turai a ɗora wa Balami.

Kenya ta ba da darasi mafi kusa da mu. Masai suna da jar tunkiya mai kitsen wutsiya, Red Maasai. Daga shekarun 1970 aka yi ta tallata musu Dorper, irin da aka haɗa a Afirka ta Kudu, mai saurin girma da cika ido. Aka yi ta barbara har jar tunkiya tsantsa ta yi wuyar samu. A shekarun 1990 Leyden Baker da abokan aikinsa na cibiyar binciken dabbobi ta ILRI suka kiwata irin biyu gefe da gefe a gaɓar tekun Kenya mai laima. Jar ta fi ƙarancin ƙwan tsutsa, jininta ya fi kauri, 'ya'yanta sun fi rayuwa, har ya zama in aka lissafa naman da garke ya bayar a shekara, ƙaramar ta doke babbar a wannan yanki. Da farin 2008 zuwa 2009 ya zo, makiyaya da dama suka ga waɗanda suka fara faɗuwa, suka koma neman abin da suka yar.

Da aka shiga neman sirrin jar tunkiyar a cikin DNA, ba a samu ƙwaya ɗaya ba. An samu wurare da dama a dammuna daban-daban, kowane da ɗan abin da yake ƙarawa. MHC babbar unguwa ce, amma ba ita kaɗai ce garin ba. Akwai ƙwayoyin gadon masu gadin ƙofa da ake kira TLR, akwai na 'yan aike irin su intaferon, akwai masu kula da majinar da ke lulluɓe bangon ciki.

Shi ya sa manoman Ostireliya da Niyu Zilan suka fi dogara da abu mai sauƙi: a ƙirga ƙwan tsutsa a kashin 'yan raguna, a zaɓi masu ƙaranci su zama iyaye. Kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na bambancin da ake gani a wannan ƙirga gado ne. Ba duka ba ne, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma abin yana taruwa daga zuriya zuwa zuriya.

Batu na biyar: baƙon rago.

A 1933 ƙasar Aislan ta sayo tumakin Karakul 20 daga Halle ta Jamus don ta inganta fatar tumakinta. Lafiyarsu ƙalau a ido. Aka tsare su na ɗan lokaci, aka rarraba su gonaki. Ashe suna ɗauke da cututtuka masu tafiyar hawainiya, ciki har da wadda mutanen ƙasar suka raɗa wa maedi, wato haki, da visna, wato ramewa. Tumakin Aislan sun shafe wajen shekara dubu ba su gauraya da na waje ba, ba su taɓa gamuwa da wannan birus ba. Abin da Karakul ke yawo da shi ba tare da ya kayar da su ba, shi ya riƙa kwashe garkunan masu masauki. Sai da aka yanka tumaki dubu ɗaruruwa, yanki bayan yanki, aka sake zuba wasu daga wuraren da cutar ba ta kai ba, kafin a rabu da ita a shekarun 1960. Daga wannan musiba ne likita Björn Sigurdsson ya fito da fahimtar cututtukan birus masu jinkiri a 1954, dangin da daga baya aka gane HIV na cikinsu. A 2012 kuma Michael Heaton da abokansa a Nebraska ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado, TMEM154, tana da sigar da ke rage kamuwa da wannan birus, kuma yawanta ya bambanta ƙwarai daga iri zuwa iri.

Aislan ɗin dai ta sake ba da labari, wannan karon mai daɗi. Akwai cutar ƙwaƙwalwa da ake kira sikirefi, wadda ke sa tunkiya susa da tangaɗi har ta mutu, kuma ba ta da magani. Ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki ba ta cikin rundunar garkuwa kai tsaye, amma darasin ɗaya ne. An daɗe da sanin sigar ARR tana kare tunkiya, Birtaniya ma ta gina shirin ƙasa a kanta a 2001. A Aislan an ɗauka babu ita sam, don haka in cutar ta ɓulla sai a yanka garke duka. A farkon 2022, da aka faɗaɗa gwaji, sai ga ta a tumaki shida a wata gona guda a gabashin ƙasar. Shida! Da mai gonar ya sayar da su ga mahauta shekara guda kafin nan fa?

Batu na shida: namu na gida.

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna da dukiyar da ba a gama ƙirgawa ba. Ga 'Yankasa, fara mai baƙi a ido da kunne da baki, wadda ta fi kowace yaɗuwa, sunanta ma ya faɗi asalinta. Ga Uda mai riga biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, mai doguwar ƙafar cin zango. Ga Balami na Borno, fari tas, mai ƙirar sa. A Nijar ga Ara-ara ta Buzaye, ga Kundum mai ulu ta bakin kogin Kwara wajen Tilaberi, wadda barbara da wasu irin ke neman shafewa. Daga kudu kuma ga gajeriyar tunkiyar kurmi, Jalonke, wadda ke zaune cikin tsando da sammore inda Uda da Balami ba sa ƙarko. Jinin irin tumakin nan na Afirka ta Yamma ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, binciken DNA ya same shi a tumakin Karebiyan irin su St Croix da Barbados Blackbelly, waɗanda yau manoman Amurka ke nema saboda juriyarsu ga tsutsar nan ta batu na farko. Abin da ake yi wa kallon raini a nan, can kuɗi ake sa wa a saya.

A babban binciken da James Kijas ya jagoranta a 2012, an duba tumaki 2,819 daga iri 74 na duniya. Na Afirka ba su kai iri goma ba. Ga ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi, ga fili nan fetal, ga kuma cibiyar Shika ta Zariya da ta daɗe tana aiki a kan 'Yankasa, da ta Vom mai haɗa rigakafi. Rigakafin ma ta kan faifan nan yake bi kafin jiki ya koyi darasinsa, har da na annobar PPR mai kashe awaki da tumaki, wanda aka samo asalinsa daga birus ɗin da aka ware a Najeriya a 1975.

Ina haɗarin yake? Tsohon kiwon sake na ƙauye, duk da aibinsa, ya yi wa gado hidima ba da saninsa ba. Tumakin unguwa suna haɗuwa a makiyaya, ragunan gidaje da yawa suna barbara, na Fulani masu wucewa su bar nasu jinin. Abin da ke sauyawa yanzu shi ne kiwon birni na gasar girma. Mutum ya je Maigatari ko Potiskum ko Illela ya sayo rago guda mai tsada, ko wanda aka ce jinin Sudan ne, ko mai kama da Ladum ɗin da ake ji da shi a Senegal, ya ɗaure shi a kan tumaki hamsin. A yi lissafi. Ragon nan, komai girmansa, siga biyu yake da ita a DRB1. Rabin gadon duk 'ya'yan da za a haifa daga biyun nan zai fito. In aka bar shi ya hau 'ya'yansa mata, kamar yadda ake yi don an kashe kuɗi a kansa, to a kowane jika akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya gaji siga guda sau biyu daga kakan nan nasa wanda kuma shi ne ubansa. Garken zai yi kyau a hoto. Tumakin Hirta sun riga sun nuna abin da tsutsa ke yi wa irin waɗannan.

Sannan ga layya. Ragon da ya fi lafiya da cika shi ake turkewa, a ba shi dusa da kowa da kanwa, a kai shi kasuwa. Wanda ya rage a gida yana barbara sau da yawa shi ne wanda dillali ya taya da raini. Ba wanda ya ce a yi layya da ramamme, Allah ya kiyaye. Amma rago nagari ya cancanci ya bar baya kafin ya ga wuƙa.

Abin yi ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Maƙwabta su riƙa musayar raguna, kada rago ya wuce shekara biyu a garke guda. Baƙon rago a ware shi makonni kafin ya shiga cikin jama'a, a tambayi inda ya fito. Mai son girman Balami a yankin laima ya haɗa, amma ya bar wasu 'Yankasa tsantsa a gefe. Sai kuma katin FAMACHA, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu aka sa masa sunan likita Faffa Malan. Kati ne mai launi biyar, daga ja jawur zuwa fari. A riƙe kan tunkiya cikin hasken rana, a danna fatar ido ta sama da babban yatsa, a ja ta ƙasa, a kara katin a gefe. Mai ja a sake ta, mai fari a ba ta magani cikakke gwargwadon nauyinta. A garke, tsiraru ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsa, kuma su ne za a ga suna dawowa layin magani kowane wata. A rubuta su a littafi, ko a ɗaura musu zare a wuya. Wadda ta tara zare uku a damina guda, ita ce ta sunan jariri mai zuwa. Wadda ta ƙare damina idonta ja, 'ya'yanta biyu suna bin ta, a riƙe 'yarta, a riƙe ɗanta, ko da kuwa dillali ya ce ƙafarta gajera ce.

Shugaban taro, lokacin da aka ɗiba ya cika har ya ɗan gota, a yi haƙuri.  Akwai makiyaya a ɗakin nan da suka fi mai magana sanin idon tunkiya, don haka a fara ba su abin magana, sannan ɗalibai. Bismillah, ga fili ga mai tambaya ko gyara.